Rasuwar malaminmu na lissafi: wace sadaka ta dace?

Ɗan Maiurno, Sudan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Juma'a aka yi jana'izar Ustaz, wanda ya koya mana lissafi a firamare. Aljihun jallabiyarsa kullum fari fat da alli. Bayan magariba ya kunna fitila a gindin dogon yaro, ya tara mu masu shirin jarrabawa, bai taɓa karɓar ko fam guda ba. Mun ɗan haɗa kuɗi. Wace sadaka za mu yi masa?

Hajiya daga Gadarif: Innalillahi. Ɗana, ku kafa randunan sabil, wato na ruwan sha na sadaka, a ƙofar makarantar. Duk daminar da kogi ya cika, shi ke kiran gayya, buhun ƙasa a kafaɗa, sai ka rantse ba malami ba ne.

Tsohon ɗalibi, Makka: Allah ya jiƙansa. Ni dai na sha bulalarsa kan jadawalin bakwai, har yau ban manta ba! Hajiya, randa fashewa take yi. A gyara rufin ajinsa tukuna.

Ɗan Maiurno: Yaya, kuɗin ba za su kai rufi ba, sai in za ka ƙara.