Buɗewar The Fellowship of the Ring: murya ce ke ɗauke da labarin ko hoto?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum. Ina da magana a kan buɗewar fim ɗin The Fellowship of the Ring, wanda Peter Jackson ya ba da umarni, ya fito a Disambar 2001, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina, waɗannan mintoci kusan bakwai na farko da ake ta kurantawa shirin rediyo ne aka lulluɓe da hotuna. Fim ɗin yana farawa da baƙin allo da muryar Cate Blanchett a matsayin Galadriel, shugabar wasu Elf (jinsin da ba ya tsufa), kuma daga nan har zoben tsafin da labarin ya ginu a kansa ya shiga hannun Bilbo, ɗan ƙaramin jinsin Hobbit, bakinta bai huta ba. Ita ke gaya mana an ƙera zobba uku na jinsin Elf, bakwai na wadanni, tara na 'yan Adam, ita ke gaya mana Sauron, mugun sarkin ƙasar Mordor da ya ƙera nasa zoben a asirce, ya yaudare su duka, ita ke ƙirga mana shekaru. Wanda ya runtse ido ya saurara ba zai rasa komai na labarin ba.

Malama Rabi:
Wa alaikumus salam. Malam Habibu, ina roƙonka ka yi akasin gwajin naka: ka kashe sautin, ka riƙa tsayar da fim ɗin hoto bayan hoto, ka lura da abin da kyamara ta fi dawowa kansa. Hannu ne. Zobban Elf a kan yatsu ake nuna su, wadanni bakwai suna ɗaukar nasu su ɗaga sama, sarakuna tara kuma suna tsaye riƙe da nasu har duhu ya haɗiye su, wanda ishara ce ga makomarsu, alhali muryar ba ta ambaci wannan makoma ba a wurin. Daga nan sai hannun Sauron cikin sulke, rubutun zoben yana ci kamar garwashi, sai yatsan Sauron da Isildur, ɗan sarkin 'yan Adam Elendil, ya datse da karyayyen takobin mahaifinsa yana faɗowa ƙasa da zoben a jikinsa. Bayan an kashe Isildur, kyamara ba ta tsaya makoki a kan gawarsa da ke yawo a ruwa da kibau a baya ba, sai ta bi zoben yana nutsewa a kogin Anduin. Wani hannu ya tsamo shi daga laka, Gollum, wata halitta mai zama a kogo, ya riƙe shi a tafinsa, zoben ya gangara a kan duwatsu, hannun Bilbo ya lalubo shi a duhu. Mutane suna zuwa suna wucewa, zoben ne kaɗai ba a sake shi ba, kuma ta haka aka sanar da mai kallo wane ne jarumin waɗannan mintoci.

Malam Habibu:
Na yarda da batun hannaye, Malama, amma zobe da ke gangarawa a kan dutse zobe ne da ya faɗi kawai. Abin da ya mai da shi mai nufi da makirci shi ne faɗar Galadriel cewa ya ci amanar Isildur, kuma shi ne ya rabu da Gollum da kansa. Hujjata ma tana cikin fim ɗin: a dogon bugun da aka fitar a 2002 an ƙara wurin da Isildur ya sa zoben ya ɓace, ya faɗa kogi, zoben ya sulale daga yatsansa. Wannan shi ne cin amanar a idon mai kallo, kuma waɗanda suka kalla a silima ba su gan shi ba, labarinsa kawai suka ji.

Injiniya Lawal:
Ni ƙorafina ya bambanta da na Malam Habibu. A littafin Tolkien na 1954 da aka ɗauko fim ɗin daga cikinsa, mai karatu ba ya sanin haƙiƙanin zoben sai a babi na biyu, lokacin da dattijon matsafi Gandalf ya dawo wurin Frodo, wanda ya gaji zoben daga Bilbo, shekara 17 bayan bikin ranar haihuwar Bilbo, ya jefa zoben a wuta, rubutun ya bayyana. Fim ɗin ya kwashe wannan sirri ya zube shi a mintocin farko, ta yadda sa'ad da Gandalf ya sukwane doki zuwa birnin Minas Tirith yana tonon tsofaffin takardu, yaron da ke kallo ya riga dattijon masani sanin amsar.

Malama Rabi:
Injiniya, wannan riga sanin shi ne ribar. Alfred Hitchcock ya taɓa bambanta firgici da zullumi da misalin bam a ƙarƙashin tebur: idan mai kallo bai san da shi ba, zai razana na ɗan lokaci kaɗan, idan kuwa ya ga an ajiye shi, duk hirar da ake yi a teburin za ta zame masa zaman ɗar-ɗar. Bayan rubutun da ke cewa shekara 60 sun shuɗe, ana buɗe mana Shire, ƙasar su Bilbo, da koren ciyawa da hasken rana, bayan mun fito daga toka da hayaƙi da jan wutar Mordor. Mun san abin da ke cikin aljihun Bilbo, saboda haka idan ya shafa aljihun a wurin biki ba ma yin dariya yadda baƙinsa suke yi. Andrew Lesnie, mai ɗaukar hoton fim ɗin, ya samu lambar yabo ta Oscar a kan wannan aiki, kuma wannan sauyin launi yana cikin abin da ya nuna gwanintarsa.

Baba Isiyaku:
'Ya'yana, ku ba ni dama in sa baki. Kuna magana kamar muryar tana faɗin komai, alhali kuwa tana da abin da ta ɓoye. Galadriel ba 'yar ba-ruwanmu ba ce, domin ɗaya daga cikin zobban nan uku yana yatsanta, kuma fuskarta tana cikin fuskokin farko da aka nuna. Ta ɗora laifin a kan raunin zuciyar 'yan Adam, amma ba ta ambaci maƙeran Elf da suka ƙera zobban ba, kuma ba a nuna cewa Elrond, wani shugaban Elf, ya shiga cikin dutsen aman wutar da aka ƙera zoben a ciki tare da Isildur ya kasa hana shi tafiya da zoben ba, sai can a gidansa na Rivendell, daga bakin Elrond da kansa. Hannun da ya tsamo zoben daga laka ma ba na Gollum ba ne, na abokinsa Deagol ne, kuma sai a farkon fim na uku, a 2003, aka nuna yadda aka shaƙe Deagol saboda zoben. Hoton ya faɗi gaskiyar da muryar ta tsallake.

Injiniya Lawal:
Baba, wannan na Deagol na karɓa. Amma fagen yaƙin fa? An yi amfani da manhajar Massive ta kamfanin Weta wajen cika fili da dubban mayaƙan kwamfuta, aka nuna sahun Elf suna zare takubba a jere kamar igiyar ruwa, duk da haka an yanka hotunan da sauri har mai kallo ba ya sanin wane ne Gil-galad, sarkin da ya jagoranci rundunar tare da Elendil.

Malam Habibu:
A nan kam Injiniya ya taimake ni. Duk wanda muryar ba ta kira sunansa ba, kamar ba ya cikin fim ɗin. Malama Rabi, ki gwada nuna wa wanda bai taɓa kallo ba waɗannan mintoci ba sauti, sannan ki tambaye shi shekara nawa zoben ya yi a ƙarƙashin ruwa. Shekara 2,500 ne, Gollum kuma ya riƙe shi shekara 500, kuma babu hoto ɗaya da zai gaya masa haka.

Malama Rabi:
Ba zai san adadin ba, Malam, amma zai ga zoben ya nitse a laka, ya rage ɗan gefensa kawai a waje. Zan gwada da ƙanena a ƙarshen mako, kai kuma ka kawo naka wanda zai saurara ido a rufe, mu ji wanda zai iya siffanta Sauron.