Cen ɗin babur yana ta ƙara, na ɗaure shi sau uku a wata guda

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min da shawara, kaina ya kulle. Babur ɗin ma ba nawa ba ne, na yayana ne, ya bar min shi amana da zai yi tafiya, ya ce in riƙa hawa kada ya lalace a ajiye. Shi mutum ne mai tsantseni da kayansa, ko ƙura ya gani a tanki sai ya yi magana, kuma dama mun taɓa samun saɓani a kan wata wayarsa da ta faɗi a hannuna, har yau bai daina tuna min ba. Sauran mako biyu ya dawo. To wata uku da suka wuce cen ya tsinke min a hanya, na sayi sabo na ɗaura da kaina. Da farko lafiya lau. Yanzu kuwa da na saki kuloci sai in ji ƙas-ƙas daga baya, in ina tafiya a hankali babur yana fizga kamar ana jansa da igiya. Na ɗaure, ya saki, na sake ɗaurewa har ya yi tsam. Kullum ina zuba masa mai. Me ya rage ban yi ba?

Tsohon bakanike: Wa alaikumus salam. Yaro, ka ba mu labarin waya amma ba ka faɗi abin da muke buƙata ba. Wane irin cen ne, lambar girmansa 428 ce ko 520? Mai roba a tsakanin ƙarafa ne ko marar roba? Wane mai kake zubawa? Sannan babbar tambaya, da ka sa sabon cen, ka canza sifroket na gaba da na baya, wato fayafayan nan masu haƙora da cen ke hawa kansu?

Mai tambaya: Baba, 428 na gani a jikin kwalin. Maganar roba ban duba ba. Sifroket kuwa ban taɓa su ba, don da idona na ga haƙoransu duk suna nan, ba wanda ya karye. Mai kuma wanda aka juye daga inji nake tarawa a gora.

Tsohon bakanike: To ka ba kanka amsa. Ba sai haƙori ya karye ba ne ake cewa ya mutu. Tsuguna ka kalli na baya daga gefe. Sabon haƙori bakinsa a daddale yake, gefensa biyu daidai. Wanda ya cinye yakan yi tsini ya karkata gefe guda kamar lauje. Ka cire murfi ka duba na gaba, shi ya fi saurin ci, don ƙarami ne, haƙora 14 ko 15, yana juyawa kusan sau uku kafin na baya ya zagayo sau ɗaya. Sabon cen a kan tsofaffin haƙora ba ya zama daidai a ramukan, nauyin duk yana sauka a kan 'yan gaɓoɓi kaɗan, sai su cinye shi cikin watanni. Uku ake canzawa tare, cen da sifroket biyu. Shekara da shekaru ina faɗa, mutane na ganin wayo ne na masu gyara.

Mai jan babur: Ai Baba da hujja mutane ke zargi. Ni wani mai gyara ya ce min duka ukun sun mutu, na biya, ashe na gaban bai ko kwance ba, goge shi kawai ya yi. Sai da na buɗe murfi bayan wata biyu na gani. Tun ranar ba na barin babur a wurin kowa, a tsaye nake har a gama. Ɗan'uwa, cire gaɓa biyu daga cen ɗin ka haɗe, zai kai ka har yayanka ya dawo.

Tsohon bakanike: Kada ka kuskura. Cen ba roba ba ne da zai miƙe a yanke. Abin da ake kira miƙewa, 'yan sandunan da ke cikin kowace gaɓa ne suka cinye, tazarar ta ƙaru. Ka cire gaɓa goma ma, sauran a cinye suke. Ga gwaji: kama cen a can bayan sifroket na baya, daidai tsakiya, ka jawo shi waje. In ya ɗago har ka hango rabin haƙori, ya gama aiki. In kana son lissafi, a 428 daga sanda zuwa sanda milimita 12.7 ne, gaɓa 20 kenan milimita 254 a sabo. Ja shi ya miƙe ka auna, ka gwada da iyakar da littafin babur ɗin ya bayar.

Mai tambaya: Amma Baba cen ɗin wata uku ne fa kacal. Ni ina ganin jabu aka sayar min. Kuma na ɗaure shi sosai, ko motsi ba ya yi.

Tsohon bakanike: Subhanallahi. Wannan ɗaurin shi ne ya fi tayar min da hankali. Cen dole ya yi wasa. Yawancin babura na kan titi milimita 20 zuwa 30 ake bari, sama da ƙasa, a tsakiyar layin ƙasa, kuma sau da yawa an rubuta adadin a wata 'yar takarda a jikin ƙarfen da ke riƙe tayar baya. In ka hau ko ka faɗa rami, ƙarfen nan yana ɗagawa, cen yana ƙara tsauri. In babu wasa, ƙarfin yana komawa kan boris ɗin da ke bayan sifroket na gaba, ya kashe shi, robar wurin ta fara yoyon mai. Wannan aikin sai an buɗe inji. Yau ɗin nan ka sassauta. Kuma ka juya taya a hankali ka nemo inda ya fi tsauri, a nan ake aunawa, don tsohon cen ba ya cinyewa daidai. Fizgar da kake ji ke nan.

'Yar'uwarku: Ni tambayata ta mai ce. Maigidana giris yake lafta wa nasa, har jikin rigata yake fallatsa in ya ɗauke ni, riga biyu na yi asara. Da na yi magana ya ce mata ba su san inji ba. Baba, a raba mu.

Mai jan babur: Giris ai shi ne daidai, Hajiya, ba ya zubewa. Ni fetur nake wankewa da shi in lafta giris, shekara biyu ke nan.

Tsohon bakanike: 'Yata, kin fi shi gaskiya. Giris a waje yake tsayawa, ya kama yashi, ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Tsohon man inji kuma cike yake da garin ƙarfe, ga shi tsararo, ba ya zama. Fetur yana lalata robar cen mai roba, maiƙon da aka rufe a ciki ya fice. Kananzir da tsohon buroshi, a goge da tsumma, a bari ya bushe, sai man giya mai lamba 80 ko 90, ko man cen na gwangwani. Ɗigo kaɗan ta ciki, inda cen ke haɗuwa da haƙora, bayan an dawo daga tafiya yana da ɗumi, a goge ragowar. Kowace kilomita 500 ko bayan ruwa ya isa, ba kullum ba.

Mai yatsa tara: Ku yi ta gardamar mai, ni abu ɗaya zan faɗa. Kada ka ɗora babur a jak, ka tayar da inji, ka sa giya don taya ta riƙa juyawa kana goge cen. Haka na yi don sauri. Tsumman ya fara shiga, yatsa ya bi, ban ma ji zafi ba sai da na ga jini a kan haƙoran. Kashe inji, juya taya da hannu.

Mai tambaya: Allah ya kiyaye gaba, Malam. Ni ban taɓa yin haka ba. Amma gaskiya maganar mai, yayana ma tsohon mai na ga yana zubawa, kuma nasa bai taɓa ƙara ba. Na sassauta yanzu, ƙarar ta ragu kaɗan. Sai dai na lura layukan saitin cen da ke gefe biyu na tayar baya ba su yi daidai ba, na dama yana kan na uku, na hagu ya wuce na huɗu. Da matsala?

Tsohon bakanike: Taya a karkace take, cen na cin gefen haƙora. Daidaita su, ka ɗaure babban noti, ka sake auna wasan, ka gwada birkin baya don jan taya yana canza shi. Duba makullin cen ma, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe gaɓar da aka haɗe cen da ita, rufaffen bakinsa ya kalli inda cen ke tafiya. Amma duk wannan lallaɓawa ce, ukun nan sai an canza su.

Mai tambaya: Na gode Baba. Zan daidaita layukan in ga. Sifroket dai bari in jira ya dawo, kada ya ce na canza masa kayan asali ba da izininsa ba. Wai in na juya na bayan, ɗaya gefen haƙoran ya kama aiki, ba zai yi mako biyu ba?

Mai jan babur: Zai yi mana, na taɓa yi.

Tsohon bakanike: Ka buɗe murfin gaba kuwa?