Wai me kuke zubawa a sanwic ɗinku ne yake daɗi haka?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah tambaya gare ni ga masu haɗa sanwic a gida, wane haɗi kuka fi so a tsakiyar burodin, kuma mene ne ainihin abin da yake kawo daɗin? Ni dai nawa bai wuce ƙwai da mayonis ko kifin gwangwani ba, ana ci ba laifi amma salam yake, ga shi in ya ɗan jima sai burodin ya jiƙe ya caɓe yara su dawo min da abina a kwano. Na ƙara ƙwan, na ƙara mayonis ɗin, sai ma ya koma yana ginsa. A taimaka.

Mai Son Girki:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ai daga cewa yana ginsa kin riga kin faɗi matsalar, maiƙo ne ya yi yawa babu abin da zai yanke shi. Ƙwai maiƙo, mayonis maiƙo, wataƙila ma har da bota a jikin burodin, to harshe ya gaji mana. Tsami ne babu. Ki rage mayonis ɗin, ki matsa lemun tsami kaɗan ko ki sa ƙaramin cokali na mustad, gishiri, masoro wanda kika daka a lokacin ba wanda ya shekara a kwalba ba, sai albasa mai lawashi yankakkiya ƙanana. Wallahi ƙwan nan dai shi ne amma sai kin rantse an canza shi.

Sannan dahuwar ƙwan kanta, mutane suna barinsa a wuta kamar suna dafa ganda. In ruwa ya tafasa minti 9 zuwa 10 ya isa, ki tsame ki jefa a ruwan sanyi. Wannan koren zoben da kike gani a gefen gwaiduwa in ya dahu da yawa, salfa ɗin da ke cikin farin ƙwan ne ya haɗu da sinadarin ƙarfe na gwaiduwar, ba ya cutarwa amma alama ce ƙwan ya bushe, kuma daga nan ƙarnin nan yake fitowa. Ni ina raba su ma, gwaiduwar in dame ta da mayonis har ta yi sumul, farin kuma in yanka shi manya-manya saboda a ji ana tauna wani abu. A Japan sanwic ɗin ƙwai ya yi suna sosai har a ƙananan shaguna ake sayarwa, kuma ba wani tarkace a ciki, burodi mai laushi da aka cire wa ɓawo, ƙwai, sai mayonis ɗinsu irin Kewpie da ake yi tun 1925 da gwaiduwa zalla, ba a sa farin.

Ɗan Kwana Makaranta:
Anti ni fa ɓangaren kifi nake. Sadin ko tuna, amma a tsiyaye man gwangwanin ko ruwan sosai tukunna, nan ne yawanci caɓewar take farawa. Sai ɗanyar albasa, barkono, lemun tsami, shi ke nan na gama. In albasar tana da yaji da yawa a jiƙa ta a ruwan sanyi minti 10 bayan an yanka, zafin ya tafi garas-garas ɗin ya zauna. Ni ko mayonis ba na sawa a sadin, kifin yana da mansa.

Hajiyar Kicin:
Maganar jiƙewar burodi bari in tsaya a kai don ita ce ta fi damun masu yara. Tumatir ne babban mai laifi, sai kokwamba, sai latas ɗin da aka wanke ba a bari ya tsane ba. Tumatir kusan duk jikinsa ruwa ne. Ki yanka shi ki shimfiɗa a faranti ki barbaɗa gishiri ki bar shi ɗan lokaci, gishirin zai jawo ruwan waje ki goge da tishu, kuma a nan ɗanɗanonsa yake fitowa, tumatir ɗin da ba a sa wa gishiri ba ruwa kawai ake ci. Sai ki shafa bota siriri a fuskokin burodin biyu har bakin gefe, ba don daɗi kaɗai ba, mai da ruwa ba sa haɗuwa shi ya sa botar take tare ruwan kada ya ratsa. Kuma kada tumatir ya taɓa burodi kai tsaye, latas ko cuku ko naman su kasance a jikin burodin, shi kuma yana tsakiya.

Nawa da na fi so kuwa na kaza ne, wadda ta rage daga jiya ma ta fi don kayan ƙamshi sun gama shigarta. In yayyaga ta, in sa fiya da na murƙushe da lemun tsami, lemun yana rage saurin baƙin da fiyar take yi, sai karas da kabeji da na jiƙa a binega da sukari da gishiri kamar rabin awa. Wannan dabarar daga mutanen Biyetnam na ɗauko, sanwic ɗinsu da ake kira banh mi. Dogon burodin Turawan Faransa ne suka kai musu lokacin mulkin mallaka, su kuma suka cika shi da karas da farin radish mai tsami, kokwamba, ganyen koriyanda da ɗanyen barkono. Nasu da yawa da naman alade ake yi, sai ki sa kaza ko naman sa, tsamin nan da taunar nan su ne abin ɗauka.

Malam Na Gefe:
Hajiya a gafarce ni amma ba kowane jiƙewa ne aibi ba fa. A birnin Nis na kudancin Faransa akwai wanda suke yi da tuna, dafaffen ƙwai, tumatir, zaitun da man zaitun, da gangan ake danne shi a ajiye har ruwan tumatir da man su shige burodin sannan a ci. Bambancin kawai burodinsu mai tauri ne mai ɓawo, yana ɗaukar ruwa bai narke ba. Saboda haka tun daga wajen zaɓen burodi ake faɗuwa, mai laushi yankakke na haɗi busasshe ne ko wanda za a ci nan take.

Ni kuma duk wannan sanyi-sanyin bai dame ni ba, a gasa min. Cuku a tsakiya, albasa da aka soya a ƙaramar wuta har ta yi ja ta yi zaƙi, bota a bayan burodin, a ɗora a kasko a danna. Wuta kaɗan-kaɗan, in ba haka ba waje ya ƙone cukun bai narke ba. Wannan jan da burodi yake yi da ƙamshin da ke tashi, zafi ne yake haɗa sukari da furotin ɗin da ke cikinsa, wani masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya yi bayaninsa a 1912, kuma shi ne dai abin da ke sa gasasshen nama ya fi dafaffe ƙamshi.

Ɗan Kwana Makaranta:
Ba wanda ya ambaci botar gyaɗa da ayaba da zuma? A Amurka da jam ma suke haɗawa yara su tafi da shi makaranta. Ku gwada kafin ku yi min dariya.

Mai Son Girki:
Ɗan nan kai dai ka cika son zaƙi. Amma ka barbaɗa ɗan gishiri a kan ayabar ka ji.

Uwar Biyu:
Kai masha Allah, na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Hajiya to in na haɗa na ƙwai da sassafe zai kai har lokacin tara ba matsala? Ko in haɗa tun dare?

Hajiyar Kicin:
Haɗin ƙwan ki yi tun dare ki rufe a firji ba komai, amma kada ki zuba a burodi sai da safe. Abin lura shi ne ƙwai, kaza da kifi ba a so su wuce awa 2 a waje ba sanyi, in kuma zafin gari ya haura digiri 32 to awa 1 ne. In zai daɗe a jaka ki daskarar da robar ruwan shansu ki sa kusa da shi, ko kuma ranar ki ba su na botar gyaɗar ɗan uwanmu, shi ba ruwansa da firji. Ayabar ce dai za ta yi laushi, ki sa musu ita da ɓawonta su yanka da kansu.