Kwamfutata ba ta ganin Wi-Fi ɗin shago, alhali wayoyi suna gani

Mai Albasa, Mile 12:
Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu mai Windows 10, wadda nake rubuta lissafin buhunan da ke zuwa mana daga Arewa a cikinta. Makon jiya yaron shagona ya haɗa sabuwar rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, wayata da tasa suka kama nan take, amma idan na danna alamar Wi-Fi a kwamfutar sai sunayen na maƙwabta su fito reras, namu kuwa ko alamarsa babu. Na kashe na kunna har na gaji. Shin kwamfutar ce ta lalace, ko rautar?

Ɗan Agege:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka duba ko an kunna yanayin jirgin sama bisa kuskure, domin a kwamfutoci da yawa maɓallin Fn tare da wani maɓalli a layin sama ne ke kashe Wi-Fi.

Mai Gyara, Ikeja:
Malam Ɗan Agege, da hakan ne da Alhaji bai ga na maƙwabta ba. Alhaji, a ganina babu abin da ya lalace. Wi-Fi yana tafiya a kan zango biyu da aka fi sani, 2.4GHz da 5GHz, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa, irin waɗanda ake kawo mana kullum a kasuwar kwamfutoci ta Computer Village, katin Wi-Fi da ke cikinsu na farkon kaɗai yake ji. Idan yaron ya bar rautar a kan 5GHz kawai, wayoyin zamani za su kama, kwamfutar kuwa ba za ta ma san da shi ba.

Don ka tabbatar, buɗe Command Prompt, wato allon rubuta umarni na Windows, ka rubuta netsh wlan show drivers, sannan ka dubi layin da ya lissafa nau'o'in rediyo. Idan 802.11b da g da n kaɗai ka gani, babu 802.11a ko ac, to maganar ke nan. Sai ka juya rautar, a ƙarƙashinta akwai takarda ɗauke da adireshin shiga saitinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Ka shiga ta waya ka kunna 2.4GHz. Bai kai ɗayan sauri ba, amma ya fi shi ratsa bango, kuma ya ishi mai lissafin albasa.

Malama, Idi-Araba:
Ina da ƙari a kan bayanin Malam Mai Gyara. Tawa kwamfutar ta ga sunan, amma ta yi ta ƙin kalmar sirri duk da cewa daidai nake rubutawa, ashe tsaron rautar yana kan WPA3 ne, wanda ya fito a 2018, kwamfutar kuma ta girme shi. Da aka mayar da shi WPA2 sai ta shiga. Kada dai a cire kalmar sirrin gaba ɗaya don neman sauƙi, musamman a kasuwa, domin kafin azahar za a shanye maka data.

Mai Albasa, Mile 12:
Allah Ya saka muku da alheri. b da g da n na gani, kuma da muka kunna 2.4GHz sunan ya fito, kwamfutar ta shiga. Malam Mai Gyara, shin ƙaramar na'urar Wi-Fi da ake sokawa a ramin USB za ta sa ta kama 5GHz ɗin?

Mai Gyara, Ikeja:
Za ta sa, Alhaji, muddin an rubuta a jikin kwalin cewa tana ɗaukar zango biyu. Ka tafi da kwamfutar a gwada a gabanka kafin ka biya.