Taƙaitawar shawarwari kan shuka furen Salvia leucantha

Ga abin da aka tattaro daga doguwar tattaunawa kan wannan fure mai launin shuni, ɗan asalin ƙasar Meksiko.

1. Kowa ya yarda cewa yana buƙatar rana ta aƙalla awa 6 kullum, domin a inuwa rassansa kan miƙe su kwanta, furen kuma ya ragu.
2. An yi ittifaƙi cewa ƙasa mai riƙe ruwa ta fi fari yi masa illa, tunda saiwarsa ruɓewa take yi, saboda haka wanda ƙasarsa laka ce gara ya ɗaga kunya ya gauraya ta da tsakuwa.
3. A shekarar farko a riƙa ba shi ruwa a kai a kai har ya kafu, sannan a rage sosai.
4. A bar tazarar kimanin mita 1 tsakanin shuka da shuka, taki kuma kaɗan ya isa.
5. Ra'ayi ya rabu kan datsa. Wasu sun ce a yanke shi ƙasa-ƙasa da zarar furen ya ƙare, masu zaune inda sanyi ke tsananta kuwa sun ce a jira sabon toho, kuma a ganina hujjarsu ta fi ƙarfi, domin tsofaffin rassan suna kare gindin.