Baƙon Damina a Funtuwa: Musayar Waƙa

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum ma'abota alƙalami. Bautar ƙasa ce ta kawo ni Funtuwa, wato kofa ne ni, ina koyar da lissafi a wata sakandare. A Agege aka haife ni, can na girma. Ga abin da ido ya gani, manya a yi mini gyara.

Da sunan Ilahu nake buɗe baki,
Mai tara hadari ya sauko da ruwa.

Salati ga Manzo da alai, sahabbai,
Da duk wanda ke bin tafarkin shiryuwa.

Na baro sansaninmu can Katsina,
Na bi ta Malumfashi har Funtuwa.

Dutsen garin na fara hange da nisa,
Tun kafin direba ya fara tsayawa.

Farkon ruwa ne, ana ta yin huɗa,
Bijimai biyu, garma, yaro na korawa.

Masarar da na sani gasassa ce a Ikko,
Kan waya, ana fifita, bakin kasuwa.

Nan na ga ta tsiro, ta kawo min gwiwa,
Kafin in farga ta fi ni tsawo kuwa.

Har filin ƙwallonmu an ci gefensa,
An jera kuɓewa, an sa yakuwa.

"Ina kwana" kaɗai ba ta isa a nan ba,
Sai ka ƙara da cewa "yaya ruwa?"

A ce maka "ya yi gyara", ko da daren jiya
Ya kwashe katanga ya bar su da damuwa.

Wata Litinin na shiga aji da alli,
Benci ya fi yaran da ke kai yawa.

Na ce wa monita "ina 'yan uwanka?"
Ya ce "Malam, firi ake, ba mai zuwa."

Farin takalmin da gwamnati ta ba ni,
Lakar Jabiri ta gama rinawa.

Yanzu kaka ta yi, kwalta ta sha shanya,
Barkono, masara, ga kuma jar dawa.

Tireloli sun yi layi a hanyar Dandume,
Buhu kan buhu, 'yan dako na lodawa.

Na ce wataƙila Mil 12 za su,
Inda Innata ke awo tana kokawa.

Manoma, ku dai kam kun dace a duniya,
Kuɗi ne a gona kuke ta kwasowa.

Baba Na-Maska:

Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa ɗana, Allah ya sa ka gama lafiya. Duk na ji daɗin waƙar, sai baitin ƙarshen nan ne ya tsaya mini a wuya.

Ɗana, ka ga lodi, ba ka ga bashi ba,
Zauna in ƙirga, tunda kai ke koyarwa.

Kafin iri ya taɓa ƙasa an biya garma,
Mai shanu ba ya jira sai an girbe dawa.

Masara ba ta san haƙuri ba, ɗana,
In babu kamfa, rawaya take komawa.

Ka ba ta kamfa, ka dawo da yuriya,
Bana buhun taki ya fi nata tsadar sayowa.

Ga tsutsar da ta shigo mana shekarun nan,
Can cikin ƙoƙon ganye take laɓewa.

Sai feshi da sassafe ko da yamma,
Tanki a baya, idanu na zubar ruwa.

'Yan ƙwadago ba su san "sai gobe" ba,
Ga abincin rana da za ka kai musu dawa.

Cikin yaran da ka rasa har da jikana,
Ba mu ƙi boko ba, hannu ne ke gazawa.

Ran da ka casa, masu bashi na ƙofa,
Mai taki, mai magani, kowa na tunawa.

Dukanmu mu kai kasuwa lokaci guda,
Dillali ya yanka farashi, ba ka da ta cewa.

Mai kuɗi ya saye ya kulle a sito,
Sai bazara ta yi zafi yake buɗewa.

Ni da na noma in koma awo da tiya,
Fiye da yadda na sayar nake bayarwa.

'Yar Ɗanja:

Baba, a gafarce ni, zan sauya amsa-amo, "wa" ɗin nan ta ishe mu haka. Kuma ku duka biyun kun manta da mu mata.

Kofa ya ga tirela, Baba ya ga bashi,
Ba wanda ya leƙo cikin gida ya ga wuya.

Wa ke ɓare masara har tafi ya yi kanta?
Wa ke sheƙe dawa da faifai da ƙwarya?

Waken suyan da kuke kai wa kamfanoni,
Mu kan jiƙa namu, mu tace, mu kai suya.

Awarar da kofa ke ci da yaji da yamma,
Ita ke sayen littafi, ita ke cefanen miya.

Kuma Baba, kan yaran nan ban bi ka ba,
Malam ya faɗi tasa, kuma yana da gaskiya.

Namiji ya yi firi ya dawo ajinsa,
Mai tallar awara fa? Ita kullum tana hanya.

Takardar jarrabawa ba ta san damina ba,
Ba a ba da maki don ka iya ta da kunya.

Kofa, in rani ya yi ka zo mana Ɗanja,
Tumatir in ya yi kwantai, a yanka a kai shanya.

Ka ga inda ake matse rake a dafa shi,
Mazarƙwaila da ɗuminta, ka ɗanɗana ɗaya.

Tsohon Masaƙa:

Ɗan Agege, ka lissafa masara da dawa, ka tsallake abin da ya gina garin. Layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ta nan ya ratsa, kuma kaɗa da gyaɗa yake kwasa. Injin gurzar kaɗa na Turawa yana can unguwar Bisije. Masaƙar garin kuwa a 1978 aka kafa ta, a cikinta na ci ƙuruciyata.

Da can in kaka ta yi, fari ne ko'ina,
Kaɗa ce ke mulki a kowace gona.

Jakuna da amalanke su nufi fuloti,
Malamin sikeli na rubutu har faɗuwar rana.

Da kuɗin kaɗa aka yi aure da Makka,
Da shi aka sayi keke, aka yanka ragon suna.

Jiniya ta yi kuka, mu kwararo da kekuna,
Masu dare su shiga, na yini su tafi kwana.

Sai atamfar waje ta cika mana kasuwa,
Wuta ta yi ƙaranci, masaƙu suka rufe a Kaduna.

Manomi ya duba, ya koma wa masara,
Kaɗa sai tsilli-tsilli ka gan ta a bana.

A 2024 an buɗe tashar tsandauri, wato tashar lodi da sauke kaya ta kan tudu, a nan. Allah ya sa ta dawo wa garin da hada-hadar da layin dogo ya taɓa kawowa.

Baƙon Dole:

Ni ma baƙo ne a Funtuwa, amma ba takardar gwamnati ce ta turo ni ba. Daga wani ƙauye a yankin Faskari muka taso.

Kai shekara guda aka ce ka yi ka koma,
Ni ba wanda ya yanka mini ranar komawa.

Gonar gado tana can bakin daji,
Sabara da geza sun gama cinyewa.

An ce mu biya kafin shuka, muka biya,
An ce mu biya kafin girbi, muka yi ta tarawa.

Daga baya dai muka kwaso yara da dare,
Muka kama ɗaki guda a bayan kasuwa.

Yanzu ƙwadago nake, wata rana dako,
Buhunan da ka gani, da ni cikin masu ɗorawa.

Ɗan Agege:

Baƙon Dole, Allah ya kawo zaman lafiya, ya mai da ku gida. Yaya 'Yar Ɗanja, na karɓi gayyata. Baba na masaƙa, zan je in ga Bisije. Baba Na-Maska, da kai nake yanzu.

Baba, lissafinka zan kai shi allo,
Taki, garma, feshi, mu bi su muna haɗawa.

Riba da faɗuwa na cikin manhajarmu,
Gara in yi da masara, abin da suke taɓawa.

Akwai wani yaro a bencin ƙarshe,
Ya fi kowa saurin raba lamba da ninkawa.

Na ga tafinsa ran da ya miƙo littafi,
Kanta ta hana biro zama, yana ta zamewa.

In shi ne jikanka, ka bar min shi da safe,
Irin wannan kai ba a barinsa a dawa.

Garin kuwa, ko me za ku ce, ya yi mini,
Ban taɓa kwana da yunwa ba a Funtuwa.

Na sha tashi in tarar da ƙullin gyaɗa a ƙofa,
Ko ɗanyar masara, ba sunan mai kawowa.

Baba Na-Maska:

To malam, mun ji. In jikan nawa ne, safiya taka, yamma tawa. Amma kafin ka kai lissafin allo, zo ka fara ganinsa da idonka.

Asabar muna gayyar karyar masara,
Bayan asuba zan turo mai ɗaukowa.

Gonar tana hanyar Mairuwa, ba nisa,
Ka sa riga mai hannu, ƙaiƙayi na da yawa.

Akwai kunu da ƙosai, da rana kuma dambu,
Baƙon Dole, kai ma zo, kuɗin yininka ina bayarwa.

'Yar Ɗanja:

Baba ya yi alkawarin dambu a fili,
Ko ya shawarci wadda za ta ɗora tukunya?