Taƙaitawa: kafa katakon ado a gefen taga

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar tattaunawa da aka yi a kan yadda ake kafa katakon ado a gefen taga, don masu son yin aikin da hannunsu a nan Zariya.

1. Baki ya zo ɗaya: kada a kafa ɗanyen katako. Wanda aka kafa da damina, hunturu na kamawa sai ya tsuke, kusurwa ta buɗe har farce ya shiga. A jera shi a inuwa mako 2 zuwa 3 tukuna.

2. Gara ba ta da sabo. A shafa Solignum, maganin kare katako daga gara, a bayan katakon da bakin yanka kafin a kafa.

3. A auna kowane gefe daban, don tagoginmu ba kasafai suke daidai ba. A yanka bakin katakon a digiri 45 inda za su haɗu a kusurwa, a sa gam.

4. Ƙusa ba ta zama a bulo, filasta kawai take fasawa. A huda, a sa fulogi (robar da ake cusawa a ramin don ta riƙe sukuru) da sukuru duk santimita 40.

An rabu a kan irin katako. Wasu sun kafe kan maɗaci ko iroko, wasu sun ce afara ta wadatar a cikin ɗaki. Ta waje dai, inda ruwa ke duka, ina bayan masu maɗaci, da fentin mai shafi 2.